Mu 'Yan Bayan Ayari a Hanyar Dutsen Addu'a

Shekarar da mahaifiyata ta rasu ce na fara zuwa tattakin dutse. Kafin nan sai dai in ji labari a bakin waɗanda suka je. Kowace shekara, idan azuminmu na Kirista ya kusa ƙarewa, Ista ta matso, coci-cocin da ke kudancin kogin Kaduna sukan haɗu su taka da ƙafa daga Sabon Tasha, su bi ta gefen Kamazou, su ratsa Mahuta, har wani dutse da ke bayan gari inda ake addu'a. Ni kuwa shekara da shekaru ina jinyar tsohuwa a gidanmu na Narayi. Daga firamaren da nake koyarwa sai gida, daga gida sai firamare. Da ta tafi, sai na rasa abin da zan yi da kaina. Nakan tashi da asuba in ɗora ruwan wankanta a wuta, sai ya fara zafi in tuna babu mai wankan.

Ban gaya wa matan cocinmu zan je ba. Na gaji da gaisuwar rashi, ina so in yi tafiya cikin mutanen da ba su san abin da ya same ni ba.

Ranar Asabar ce, cikin bazara, irin zafin nan da tun hantsi kwalta take fara wari. A gaba akwai gicciyen katako, maza suna karɓa-karɓa. Bayansa Fada, wato limamin coci, da mawaƙa, sai matan zumunta cikin zannuwansu iri ɗaya, suna buga tulu suna kaɗa caki. Yawancin waƙoƙin da Hausa ake yi, domin ita ce ta haɗa mu, mu 'yan kudancin Kaduna da mutanen Filato da Nasarawa da Binuwai. Na fara tafiyar a tsakiyar ayari, amma gwiwata ta hagu ba ta yarda ba. Kafin mu bar shagunan Sabo a baya, waƙar ta yi mini nisa, sai iska ta kaɗo nake jin ta.

Bayan ayari wata duniya ce daban. Babu kiɗa, babu mai ba da umarni. Tsofaffi ne, da masu goyo, da masu ciwon ƙafa irina, kowa yana fama da abin da ya dame shi.

A nan na ga wani dattijo gajere mai furfura yana tura keken marasa lafiya. A cikin keken matarsa ce, hannunta na dama a lanƙwashe a kan cinya, bakinta ya ɗan karkace. Shanyewar ɓarin jiki, ban buƙaci a gaya mini ba. Ya ɗaura mata lema a jikin keken da igiyar roba. Abin da na fara dubawa farcenta ne, domin na yi jinya, na san inda gajiyar mai jinya take fara nunawa. A yanke suke tsaf. Ƙafafunta sun sha mai, kitsonta sabo ne, ko da yake layukan sun ɗan karkace, da gani ba hannun mace ba ne.

Na ce, "Sannu Baba. Sannu Mama. Kawo in karɓe ka kaɗan."

Ya ce, "Na gode, 'yata. Na saba."

Ko sassauta riƙon bai yi ba. Matar ta ɗago ido ta dube ni, ta mayar ƙasa.

Na ci gaba da tafiya a gefensu, tunda saurinmu ɗaya. Can sai wata mata mai jiki da murya ta cim mana, da kular kunu a ka. Kafin a tambaye ta har ta gaya mana ita 'yar Bokkos ce, dankalin Turawa take sayarwa a kasuwar Sabo, kuma ta makara ne saboda kunun da ta tsaya damawa. Ta sauke kular a bakin hanya ta zuba wa kowa a kofi ɗaya, tana ɗauraye shi da ruwan leda. Baba ya karɓi na matarsa, ya ɗanɗana tukun, ya tallabe mata haɓa ya ba ta a hankali. Nasa kuwa ya kurɓa sau ɗaya ya mayar.

Mai dankali ta ce, "Baba, shanye mana. Ai ba magani ba ne."

Ya ce, "Ya isa. Allah ya yi albarka."

Na ƙarshen da ya shigo cikinmu wani dogon mutum ne daga Binuwai, mai gadi a wani kamfani wajen Kakuri. Ba takalmi yake tafiya, ya rataya su a wuya. Kwaltar nan kuwa ko ta cikin takalmi ina jin zafinta. Mai dankali ta tambaye shi dalili, ya ce alkawari ya yi wa Allah, bai ƙara ba. Hausarsa ta bariki ce, yana haɗawa da Turancin burokin. Daga nan muka riƙa kiransa Dogo, shi kuma yana amsawa. Shi ma ya nemi ya karɓi keken a wata 'yar gangara. Baba ya ba shi amsar da ya ba ni.

Ta wajen Kamazou mutane sun fito ƙofar gidajensu. Wasu sun jera bokitai da ruwa da kofuna, wata tsohuwa ta baza mangwaro a tire tana cewa a ɗauka. Na gaba sun riga sun kwashe masu kyau, mu ƙananan muka tarar, amma tsohuwar ta shiga gida ta fito da wasu da ta ɓoye, ta ce dama ta san akwai na baya. Wani mutum kuma ya riƙe tiyo yana watsa wa duk mai so ruwa a ka. Dogo ya tsaya ya miƙa masa tafin ƙafa, ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar ne Baba ya ɗan saki baki. Su mutanen wajen Akwanga ne. Ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, Mama kuwa tana sayar da abinci a bakin ƙofar masaƙar, a nan ma suka haɗu. Yanzu suna zaune a Unguwar Romi. Yaransu sun girma, suna Abuja da Legas. Duk maganar da yake yi, idonsa yana kan ramukan hanya.

Mun shiga Mahuta rana ta take. Na lura Mama tana motsi a kujerar, tana murza bakin zanenta da hannun da ke aiki. Na san wannan motsin. Na sunkuya na tambaye ta a kunne, ta gyaɗa kai. Baba ya fara waige-waige yana neman lungu, fuskarsa duk ta canza.

Wata mata tana wanki a ƙofar wani gidan haya. Mai dankali ta nufe ta kai tsaye, suka yi magana, matar ta yarfe kumfar hannunta ta buɗe ƙyauren gaba ɗaya. Ta ce, "Ku shigo da ita. Bayin yana can ƙarshe, bari in kawo ruwa."

Baba ya turo keken har zaure, zai wuce ciki, mai dankali ta tare hanya da jikinta.

"Baba, akwai mata suna wanka a ciki. Zauna nan kan benci."

"Ba ku san yadda ake ɗaga ta ba."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya dube ni, ya dubi matarsa. Ba don ya yarda ya tsaya ba, sai don gidan ba nasa ba ne.

A ƙofar bayin na ɗora hannunta mai lafiya a wuyana, na tokare gwiwarta da tawa, na ɗaga ta yadda nake ɗaga mahaifiyata. Jikina ya tuna komai, har da inda ake ɗan tsayawa a numfasa. Da muka gama, matar gidan ta kawo ruwa a kwano muka wanke mata fuska da wuya. Mai dankali ta fita neman tsumma, aka bar mu biyu a inuwar katanga.

Maganar Mama a hankali take fita, kalma ɗaya ta jira 'yar'uwarta. Ta ce, "Kin taɓa yi."

Na ce, "Mahaifiyata ce. Ta rasu bana."

Ba ta yi mini gaisuwa ba. Ta kama yatsuna ta matse, abin ya fi mini gaisuwar duka. Sai ta nuna zaure da haɓa.

"Yana tsammanin warkewa na zo nema. Ni na san jikina. Shi na kawo."

Ban gane ba, na jira.

"Ba ya barin kowa. Yara sun ce a ɗauko mai aiki, ya ƙi. Matan coci sun zo, ya ce mun gode. Ba ya barci. Ko tari na yi, ya tashi." Ta huta, ta haɗiye miyau da ƙyar. "Na ce sai ya kawo ni dutse. Na san ba zai iya shi kaɗai ba."

Na tuna sau nawa maƙwabciyata ta ce in je kasuwa ta zauna da tsohuwa, na ce mata babu komai. Ba girman kai ba ne kawai. Idan mutum ya daɗe yana jinya, sai ya ga kamar duk hannun da ba nasa ba zai yi wa majinyacin rauni. Ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake a idon wanda ke kwance ba, yana kallon mai kula da shi yana ƙarewa a gabansa.

Da muka fito, Baba yana tsaye, ko zaman bai yi ba. Ya duba zanenta, ya gyara mata lema, ya kama keken.

Bayan Mahuta kwalta ta ƙare. Hanyar ta zama jar ƙasa da tsakuwa, tayoyin keken suna nutsewa. Ayarin ya ɓace mana gaba ɗaya, sai ledojin ruwa da sawun ƙafa ke nuna mana hanya. Baba ya sunkuya yana turawa da ƙirji. Rigarsa ta jiƙe, daga baya kuma ta bushe, gumin ya daina fitowa. Wannan ne ya ba ni tsoro. Na buɗe baki zan yi magana ke nan sai na ga gwiwoyinsa sun lanƙwashe. Dogo ya tare shi kafin kansa ya taɓa ƙasa, ni kuma na cafke keken.

Akwai wata bishiyar mangwaro a gaba kaɗan, wani Malam Bahaushe yana sayar da rake da kankana a ƙarƙashinta. Tun kafin mu kira shi ya taso da gudu. Shi da Dogo suka ɗauki Baba zuwa inuwa. Malam ya warware tabarmar da yake salla a kai, suka kwantar da shi. Ya cire hularsa yana yi masa fifita, ya ce a ɗaga masa ƙafafu, ya tsoma gyalen wuyansa a bokiti ya ɗora masa a goshi. Sannan ya fasa kankana ya miƙo wa mai dankali.

Ta ce, "Malam, kai fa? Leɓenka duk ya tsage."

Ya ce, "Azumi nake, Madam. Ku ba shi, ku ma ku sha."

Shekarar nan azuminsu da namu sun haɗu. Na zauna a gefen tabarmar ina matsa wa Baba ruwan kankana a baki, sai na tuna a Tudun Wada na yi ƙuruciyata, cikin Musulmi, kafin tashin hankalin da ya sa kowa ya tsallake gada ya koma wajen nasa. Na daɗe rabona da zama a tabarmar Malam.

Baba ya buɗe ido. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ina take?"

Na juyo da keken yadda zai gan ta. Ya yunƙura zai tashi, Dogo ya dafa masa kafaɗa.

"Baba, abeg, ka kwanta ƙaramin."

Malam ya ce, "Baba, in kana so in tsayar muku da mai keke-napep ya mayar da ku gida. Ranar nan ba ta wasa ba ce."

"Na yi mata alkawari zan kai ta saman dutse."

Mai dankali ta fara faɗa, tana cewa in ya mutu a hanya wa zai amsa tambayar yaransa. Bai ko saurare ta ba, yana ta laluben takalminsa. Sai Mama ta buga hannun kujerar da tafinta. Duk muka juya wajenta.

Ta ce, "Baban yara."

Ya ce, "Na'am."

"Ka bar su."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Suka daɗe suna kallon juna, mu kuwa kowa ya sami abin da zai duba a ƙasa. Can Baba ya sa gyalen Malam ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Da ya sauke gyalen sai ya ce wa Dogo, "Tayar hagu tana ja gefe. Ka riƙa danna dama."

Muka jira har ƙarfinsa ya dawo, ya shanye sauran kunun mai dankali, wannan karon har ƙasan kofi. Da za mu tashi ya tsaya hannu sake, bai san inda zai sa su ba. Malam ya zaɓo rake mai kauri, ya sare kansa ya miƙa masa.

"Ga sanda, Baba. In ka isa ka shanye ta. Ku sa mu a addu'a."

Baba ya ce, "Kai ma ka sa mu, in ka sha ruwa."

Dogo ya tura, na karɓa, mai dankali ta karɓa. Baba yana gefe yana dogara raken, yana faɗa mana kowane rami tun kafin mu iso shi. Sannu a hankali ya rage faɗa. Har na ji shi yana tambayar mai dankali yadda ake noman dankali a wajensu.

A gindin dutsen muka ga ƙarshen aikin taya. Hanyar ƙafa ce siririya tsakanin duwatsu, sai dai a ɗauki keken da mai shi. Ƙafafun Dogo kuwa sun fashe, yana barin jini a kan tsakuwa. Na ce ya sa takalminsa, Allah ya ga zuciyarsa. Ya girgiza kai. Mai dankali ta kwance ɗankwalinta, ta kafa haƙori ta yage shi biyu.

"Takalmi ka yi alkawarin ba za ka sa ba. Ka yi alkawarin tsumma? Zauna."

Ya yi dariya, karo na farko tun safe, ya zauna ta naɗe masa.

Mun makara sosai. An riga an gama sujada a sama, mutane sun fara saukowa, kowa a gajiye, yana tunanin gida. Dogo ya kama bayan keken, ni da mai dankali muka kama gaba, muka ɗaga. Ba mu yi nisa ba gwiwata ta ce ba ta san zancen ba. Sai wani mutum mai tumbi da ke saukowa ya miƙa wa matarsa jakarsa, ya ce mini, "Madam, matsa." Wani ya kama ɗaya gefen. Ba su tambayi ko su wane ne mu ba. In wannan ya gaji, wani mai saukowa ya juya ya maye gurbinsa. Wasu matan zumunta da suka ga abin da ake yi suka tsaya a gefen hanya suka ɗauko waƙa, tulun da aka riga aka ɗora a ka aka sauke shi aka ci gaba da bugawa. Mama tana sama tana tangaɗi a kafaɗun mutanen da ba ta taɓa gani ba, lemarta a karkace, tana bin waƙar da rabin baki.

A saman ba mu tarar da kowa ba sai wani tsohon katikis, malamin coci, yana naɗe wayar lasifika. Gicciyen yana tsaye a tsakanin duwatsu. Ya ajiye wayar, ya zo ya ɗora wa Mama hannu ya yi addu'a gajeriya, ya haɗa da mu duka. Daga can ana hango rufin kwanon unguwanninmu har inda ido ya tsaya, da layin itatuwan da ke bin kogi.

Mama ba ta tashi ta yi tafiya ba. Na faɗi wannan ne domin duk wanda na ba labarin sai ya tambaya. Yadda aka hau da ita haka aka sauko da ita. Abin da na gani shi ne, Baba ya durƙusa a gefenta zai yi tasa addu'ar, ya jingina kai da hannun kujerar, kafin ya kai ƙarshe barci ya ɗauke shi. Har da minshari. Mama ta ɗora hannu a furfurarsa, ta dube mu ta girgiza kai, wato kada a tashe shi. Muka zauna a kan dutse muna cin mangwaron tsohuwar Kamazou har inuwa ta juya. A zaman nan ne na yi kukan mahaifiyata, wanda ban samu na yi ba ranar jana'iza saboda hidimar baƙi. Mai dankali ba ta tambaye ni komai ba, ta dai matso ta jingina kafaɗarta da tawa.

Mai a-kori-kurar da ya zo kwashe lasifika ne ya ɗauke mu zuwa gari. Dogo ya sauka a wata mahaɗa, ya ce yana da aikin dare, ya ɗaga mana hannu. Ban sake ganinsa ba. Na taɓa tambaya a ƙofar kamfanoni biyu a Kakuri, amma dogon mai gadi daga Binuwai ba kwatance ba ne a can.

Mai dankali kuwa ba ta bari Baba ya sauka ba sai da ya yi mata kwatancen gidansu. Bayan Ista, sai ta zo har makarantarmu ta ja ni muka je. Ya buɗe mana ƙofa, ya ɗan yi jim, sannan ya matsa. Daga baya matan cocinsu ma suka dawo, ya bar su suna yi wa Mama wanka da kitso, shi kuma ya fara fita majalisar tsoffin abokan aikinsa da yamma. Nakan je ranar Asabar in na samu dama. Ba kullum muke hira ba, wani lokaci sai in zauna kawai ina gyaran wake tana kallona.

Mama ta rasu bayan kaka, ana shirin Kirsimeti. Ni da mai dankali muka bi motar coci zuwa ƙauyensu wajen Akwanga. An kafa rumfuna, ta dangi daban, ta baƙi daban. Muna neman wuri a ta baƙi sai babbar 'yarsu, wadda ta zo daga Legas, ta tare mu da ladabi. Ta ce Baba ya aiko a kira mu, amma ta yi haƙuri, ba ta gane mu ba, ta wane ɓangare muke, na uwa ko na uba?

Mai dankali ta ce, "A hanya muka haɗu, 'yata."

Yarinyar ta tsaya tana jiran ƙarin bayani, mu kuwa ba mu da wani. Sai ta sa aka kawo kujeru biyu, aka ajiye mana a rumfar dangi, a layin da ke bayan Baba.